Shekara 14 ina koyar da lantarki, sai mai gyaran rediyo ya nuna mini iyakar sanina

A babban hutun da ya wuce na je gida Allakaye, cikin gundumar Buza a jihar Tawa. Na tarar ƙanena ya kafa farantin sola a kan soro, ya haɗa da batir da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida. Da Inna ta ga wuta ta samu, sai ta ce a fito mata da rediyon marigayi mahaifinmu. Abin da ya biyo baya shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin ya shafe ni a matsayin malamin makaranta, ya kuma shafi duk wanda ke da ɗa ko ɗiya a aji.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana cikin ƴan Adar da ke tafiya bida Abijan. A 1978 ya dawo da wannan rediyo ƙirar Japan, mai akwatin katako da lasifika biyu a ware, irin waɗanda kamfanoni kamar Pioneer da Sansui da Kenwood suka cika duniya da su a wancan zamani. Ba ya aiki da batir, sai da wutar gida, mu kuwa gidanmu babu wuta. Don haka yawancin rayuwarsa a lulluɓe ya yi ta da zane, sai in ana biki ko suna an samo janareto. A irin waɗannan darare ne muke zagaye shi muna kallon fuskarsa mai koren haske, Baba yana murɗa allura har ya kamo Kaduna.

Da muka jona shi, sai ya yi magana garau kamar jiya aka saye shi. Amma fuskarsa duhu. Ƙwayayen da ke haska lambobin tashoshi sun mutu, haka ma ƙananan da ke nuna ko a kan AM kake ko FM ko ramin da yara ke jona waya yanzu. Inna ta ce ita ba ta son rediyo makaho. Ni kuma ga ni malamin kimiyya a kwaleji, shekara 14 ina rubuta dokar Ohm a kan allo. Kowa a gidan ya juyo yana kallona. Na kwance murfin, na leƙa ciki, na mayar na ɗaure. Gaskiya ɗaya ce, ban san inda zan sa hannu ba.

Washegarin kasuwa na ɗora shi a kan babur zuwa Buza, tare da ɗan yayana, yaro ɗan shekara 17 da ya faɗi jarrabawar BEPC, wanda ba ya da zance sai na tafiya Aljeriya. Muka sami wani dattijo mai gyaran rediyo a rumfarsa. Bai wuce aji huɗu na firamare ba, shi da bakinsa ya faɗa mini. Ya buɗe rediyon, ya zaro ƙwai ɗaya mai kama da fis, ya ɗaga shi a rana ya ce, “Mushe, irin wannan ya ƙare a kasuwa. Ko ka je Maraɗi da wuya ka samu. Amma in ka yarda, za mu sa masa idon tocila.” Mushe shi ne sunan malamin lakwal a wajenmu, idon tocila kuwa shi ne abin da littattafanmu ke kira LED.

Bari in bayyana abin da ya yi dalla-dalla, domin a cikinsa hujjata take.

Tsohon ƙwai zare ne na ƙarfen tungstan a cikin gilashi. Wuta na bi ta cikinsa ya yi zafi har ya yi haske, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama. Shi ya sa robar da ke bayan fuskar rediyon ta yi ja ta bushe. A jikin kowane ƙwai an rubuta bolt 8, ampiya 0.25. In ka ninka, wat 2 ke nan. Guda biyar ne a bayan fuskar, wato wat 10 na tafiya a haska lambobi kawai. Ga mai wutar NIGELEC wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke lallaɓa batir ɗaya ya kai shi asuba, wat 10 ya isa ya haska ɗaki biyu da ƙwan zamani.

Shi kuwa LED ba ya da zare. Ɗan ƙanƙanin dutse ne da aka sarrafa, wanda ke fitar da haske in wuta ta bi ta cikinsa ta hanya ɗaya tak. Ƙafafunsa biyu ne, doguwa ita ce ta wajen alamar tarawa, gajera ta wajen alamar ɗebewa. Ja yana buƙatar kusan bolt 2, fari kusan bolt 3, kuma irin ƙananan nan ba a so a ba su fiye da miliampiya 20. In ka haɗa shi kai tsaye da wutar da ta fi ƙarfinsa, walƙiya ɗaya zai yi ya mutu. Dole a sa masa resista a gaba, ta rage masa abin da zai sha.

Dattijon ya ɗora mitarsa a kan wayoyin ƙwayayen ya ce, “Wannan wutar mai kai da komowa ce, daga taransifoma take zuwa. Idon tocila ba ya son ta.” Haka ne kuwa. Wutar gida a Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Tsohon ƙwai bai damu ba, ko ta ina ta zo zafi zai yi. LED kuwa rabin lokaci kawai zai kama, ya riƙa kyaftawa, kuma in wutar da ke dawo masa ta baya ta wuce kusan bolt 5 tana iya kashe shi. Sai ya ciro diyod huɗu daga wata matacciyar cajar waya, ya haɗa su suka miƙar da wutar ta koma tafiya hanya ɗaya, ya ƙara kondansa ta daidaita ta. Ya sake aunawa, mita ta nuna kusan bolt 10.

A nan ne ya zuba hannu a gwangwanin resistoci ya tsamo ɗaya mai zobe rawaya da shunayya da ruwan ƙasa, ya ce, “Wannan ce daidai da shi.” Na tambaye shi yadda ya sani. Ya ce ya ƙona da yawa kafin ya gane. Sai na tsuguna na zana a ƙasa da tsinke: bolt 10 a cire 3 na LED, saura 7. A raba 7 da ampiya 0.015, ya ba da 467. Resistar da ke kusa da wannan a kasuwa ita ce mai om 470, kuma launukanta su ne rawaya, shunayya, ruwan ƙasa. Ita ce a hannunsa. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, “To ashe ku ma kun san wani abu.” Yaron da muka zo da shi, wanda na sha koya wa wannan doka yana hamma, ya tsuguna ya ce, “Baba, sake yi in gani.” A ranar ya fara jin cewa U da R da I ba haruffan wahalar da ɗalibi ba ne. Ƙwayaye biyar da ke cin wat 10 sun koma cin abin da bai kai wat 1 ba, kuma shi ne ya yi wannan lissafin na biyu da kansa.

Sauran abubuwa biyu na koya a rumfar. Na farko, hasken LED tsaye yake tafiya kamar mashi, ba ya bazuwa kamar na tsohon ƙwai, don haka fuskar rediyon ta fito da tabo-tabo. Dattijon ya goge kan kowane ɗaya da samfefa har ya yi dishi-dishi, sai hasken ya watsu. Na biyu, akwai ɗan jan ƙwai da ke kamawa in tashar FM tana watsa sauti ta hanya biyu. Shi bai mutu ba, domin a zamanin Baba babu tashar da za ta kunna shi a yankinmu. Na ce a canza shi gaba ɗaya a huta. Ya ƙi. Ya ce wannan ƙwan ba daga taransifoma yake shan wuta ba, daga cikin kwakwalwar rediyon ake kunna shi, kuma akwai rediyon da in ka canza masa irin wannan ba tare da ka san hanyarsa ba, sai ka gyara ido ka lalata kunne. Ya ce, “Wanda bai mutu ba, ba a yi masa wanka.” Duk aikin jikka ɗaya da rabi ya karɓa.

Ra'ayina a nan shi ne: muna koyar da lantarki a makarantunmu kamar yadda ake ba da labarin ƙasar da ba wanda ya taɓa zuwa, alhali kayan koyar da shi suna zube a bolar kowane gari. Laifin ba na ɗalibai ba ne, kuma ba duka ne na gwamnati ba. Akwai rabonmu mu malamai, akwai rabon iyaye.

Ku dubi kowane ƙauye tsakanin Madawa da Buza da Keita. Fitilar kananzir ta kusa ɓacewa, tocila da fitilar sola sun maye gurbinta. Duk wadda ta daina aiki sai a jefar, alhali sau da yawa batir ne ya gaji, ko makunni ya yi tsatsa, ko waya ɗaya ta tsinke. Idanun da ke ciki lafiyarsu lau, domin LED na iya yin dubban sa'o'i masu yawa yana aiki. Wannan ɗan abu da yaranmu ke takawa a juji ba ƙaramin ilimi ne ya samar da shi ba. A 1962 Nick Holonyak ya ƙera ja a kamfanin General Electric na Amurka. Shuɗi ya gagari masana har wajen shekara 30, sai a farkon shekarun 1990 Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, dukkansu haifaffun Japan, suka cim masa, aka ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fizik a 2014. Farin da ke cikin tocila shuɗin nan ne aka shafa masa wani sinadari rawaya. Wato abin da ya ci babbar kyautar kimiyya ta duniya yana cikin aljihun kowane makiyayi a Adar, amma bai taɓa shiga ajina ba sai bana.

Wannan magana ba sabuwa ba ce a ƙasarmu. Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 ya rasu a 1991, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin fizik ne da ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana na ƙasa, ONERSOL. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya soki makarantar da Turawan mulkin mallaka suka bar mana saboda ta raba karatu da aikin hannu da rayuwar jama'a, ya kuma nemi a koyar da yara da harsunansu. Shekara 60 ke nan da ɗoriya. Har yanzu yaro na iya haddace dokar Ohm da Faransanci, ya ci maki, ya fita bai san wace ƙafa ce doguwa a jikin LED ba. Na san haka domin ni ne wannan yaron, har na girma na zama malaminsa.

Na san abin da za a ce mini, domin abokan aikina sun riga sun faɗa.

Wani ya ce sabon rediyo ɗan Sin ya fi gyaran tsoho araha. Wani lokaci haka ne. Amma ba rediyon nake kare wa ba, hannun da ya iya gyara shi nake nema wa magaji. Lissafin da ya zaɓi resista mai om 470 shi ne lissafin da ke gaya maka kaurin wayar da za ka ja daga farantin sola zuwa batir, shi ne ke gaya maka dalilin da ya sa batir ke mutuwa kafin shekara. Manoman albasa na Galmi da fadamun Madawa suna ƙara komawa famfon sola. Asibitocin karkara suna ajiye allurar rigakafi a firij mai aiki da rana. A Malbaza, cikin jiharmu, an buɗe tashar sola mai megawat 7 tun 2018. Duk waɗannan za su lalace wata rana. Wa zai gyara? In ba mu koya wa namu ba, za mu ci gaba da jiran wani ya zo daga Ƙonni ko Maraɗi, muna biyan kuɗin motarsa da na aikinsa, yaranmu kuma suna can suna ɗaukar siminti a ƙasar wasu.

Wani ya ce manhaja ta yi yawa, ɗalibai 70 a aji, ga jarrabawa. Wannan gaskiya ce, ni ma ita nake fama da ita. Amma darasin lantarki yana cikin manhajar, ba ƙari na kawo ba. Da aka koma makaranta na sa kowane ɗalibi ya kawo matacciyar tocila ko caja. Cikin mako guda kwali ya cika. Na sayi mita ɗaya da kuɗina, na raba su rukuni goma, kowane rukuni da batir da LED da resista uku daban-daban. Na ce su yi lissafi kafin su haɗa, su faɗi wadda za ta fi haske, sannan su gwada. Sa'a biyu muka yi. Rukuni biyu sun ƙona nasu, kuma su ne suka fi riƙe darasin. Da Hausa na yi bayanin farko, sannan na ba su kalmomin Faransanci da za su gamu da su a takardar jarrabawa. Gani ya kori ji. Wani abin da ban zata ba, rukunin da ya fara gamawa na ƴan mata ne zalla, waɗanda in an tafi rumfar mai gyara ba wanda zai tuna da su.

Wani ya ce akwai haɗari. Wannan ita ce maganar da na fi ɗauka da nauyi, kuma ina roƙon kowa ya ɗauke ta haka. Wutar gida mai bolt 220 tana kisa, ta inbata ma haka. Tsohon rediyo ko talabijin na iya riƙe wuta a cikin manyan kondansa ko bayan an zare shi daga soket. Dalmar da ake like waya da ita guba ce, ba a sa ta a baki, ba a shaƙar hayaƙinta a rufaffen ɗaki, a kuma wanke hannu kafin a ci abinci. Batirin waya da ya kumbura ba abin wasa ba ne, yana kamawa da wuta in aka huda shi. Don haka a aji ba na wuce batirin tocila, kuma duk abin da ake jonawa a bango aikin babba ne wanda ya sani. Amma hana yaro sani ba ya kare shi. Yaran da ba a koya wa komai ba su ne ke tura waya tsirara cikin soket don cajin salula.

Akwai kuma wata magana da ta fito daga inda ban zata ba. Da muka dawo da rediyon gida muka kunna, Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, “Wannan ba hasken rediyon mahaifinku ba ne.” Ta yi gaskiya. Idon tocila fari ne fat mai ɗaukar shuɗi, ya mayar da koren fuskar wani launi mai sanyi kamar na asibiti. Ko a Turai da Amurka masu tara tsofaffin rediyo suna wannan gardama, wasu na ganin LED na ɓata asalin abin. Sai da na ba wani direba saƙo ya sayo mana irin LED mai haske ruwan zuma daga Maraɗi. Wannan karon ɗan yayana ne ya canza su, dattijon na tsaye a kansa. Tsofaffin ƙwayayen kuma ban zubar ba, na ƙulle su a leda na ajiye cikin akwatin. Darasin da na ɗauka shi ne, sabon abu ba ya zama gyara sai ya girmama abin da ya tarar. Wanda zai sa hannu a kayan mutane ya fara tambayar abin da suke ƙauna a jikinsa.

Saboda haka ga roƙona ga malamai ƴan'uwana. Kada mu jira ɗakin gwaje-gwajen da aka yi mana alkawari. A ajiye kwali a bayan aji don matattun tocila. A nemi mita ko da ɗaya ce, ko ta hanyar ƙungiyar iyayen yara. A gayyato mai gyaran rediyo ko na waya na garin ya zo aji sau ɗaya a zango, a ba shi kujera, a kira shi malam a gaban yara, a kuma biya shi ladan lokacinsa. Shi yana da hannu, mu muna da lissafi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu kuma cire girman kai mu koya. Ni na koma rumfar nan sau huɗu kafin na iya like waya da dalma ba tare da ta cika ba.

Ga iyaye kuma, yaron da ya kwance tocila don ya ga abin da ke ciki ba ɓarna yake yi ba, tambaya yake yi da hannunsa. Maimakon bulala, a ba shi wadda ta riga ta mutu, a ce ya tayar da ita. Lokacin hutu a kai shi wajen mai sana'a, ba a madadin makaranta ba, a matsayin cikonta. Wanda bai samu wucewa a jarrabawa ba, a bincika masa cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM da kwalejojin fasaha kafin a haɗa masa kuɗin mota zuwa Agadas. A daina ce wa yaro in bai yi karatu ba zai ƙare a gyaran rediyo, kamar zagi ne. Mai gyaran rediyon Buza ya ciyar da iyalinsa da wannan sana'a, kuma ya koya wa mai digiri abin da bai sani ba. Ƴaƴa mata ma a ba su sukundireba, ba a rubuta sunan namiji a jikinta ba.

Ban ce ɗan yayana ya fasa tafiya ba. Har yanzu yana zancen Aljeriya in abokansa sun kira shi. Amma yanzu da yamma za ka gan shi a ƙofar gida da tarin tocilan maƙwabta, yana karɓar dala ashirin ashirin, kuma ya ce zai sake zama jarrabawar. In ma ya tafi, zai tafi da abin da ba a ƙwacewa a kan iyaka. Rediyon kuwa yana ɗakin Inna, tana jin labarai da shi bayan sallar isha'i, kuma batirin na kai su asuba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuri'a, ya sa abin da muke koya musu ya amfane su.